Littafin hotuna na auta: tambayoyi da amsoshi ga iyaye da masu reno

Akwai littattafan yara masu yawa da aka rubuta don yaron da aka yi wa ƙani ko ƙanwa, ana lallashinsa ya karɓi jaririn da ya zo. Wanda ya zo daga ƙarshe kuwa, mai rarrafe a bayan kowa, ba a cika tunawa da shi ba. Ga tambayoyin da suka fi tasowa game da littattafan hotuna da yaro ke sa hannu a cikinsu, waɗanda labarinsu ya ta'allaƙa a kan zama auta.

Wane irin littafi ake nufi?

Littafi ne wanda labarinsa ba ya tafiya sai yaro ya yi wani abu da hannunsa. Wani yana da 'yan murafe na takarda da ake ɗagawa a ga abin da ke ɓoye. Wani yana da ɗan harshe a gefen shafi, idan an ja sai hoton ya motsa. Akwai mai faifan da ake juyawa, da wanda hoto ke miƙewa tsaye da an buɗe shafi, da wanda aka manna wa ƙyalle mai laushi ko mai kaushi don a shafa, da mai maɗannin sauti. Akwai kuma wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai dai yana magana da yaron kai tsaye: girgiza littafin, hura shafin, ƙirga takalman da ke bakin ƙofa.

Dabarar ta daɗe, kuma ba don yara aka fara ta ba. Tun a ƙarni na 13 wani malamin coci a Ingila, Matthew Paris, ya riƙa liƙa faifan takarda mai juyawa a rubuce-rubucensa don lissafin ranaku. Daga baya masu koyar da likitanci suka yi amfani da murafe a jere don nuna sassan jikin mutum, a ɗaga fata a ga tsoka, a ɗaga tsoka a ga ƙashi. Sai a rabi na biyu na ƙarni na 18 wani mai ɗab'i a Landan, Robert Sayer, ya fara sayar da irin su don nishaɗin yara. A ƙarshen ƙarni na 19 Lothar Meggendorfer na Jamus ya kai abin matuƙa, inda jan harshe guda ke motsa hannu da kai da baki a lokaci ɗaya.

Auta ai shi ne ɗan lelen gida. Me zai yi da littafi na musamman?

Gata daban, a ɗauke ka da muhimmanci daban. Ana ɗaukar auta, ana goya shi, ana yafe masa laifin da yayyensa suka sha faɗa a kansa. Amma ku zauna ku ƙirga kalmomin da yake ji daga safe zuwa dare: ba ka kai ba, bari ka girma, matsa ka ga, kawo in yi maka, kai yaro ne. Rigarsa kwancen yaya ce, kekensa ma haka. Idan ana wasa shi ake ba aikin tsayawa a gefe. Idan aka yi tambaya, kafin ya haɗa kalmomi a bakinsa wani ya riga shi amsawa. Duk abin da ya koya yau, tafiya ce ko ƙirga zuwa goma, an riga an gani a gidan sau biyu ko uku, tafin da za a yi masa ba zai kai na fari ba.

A nan ne littafin da ake ɗaga murfi yake da wata baiwa da sauran ba su da ita. Shi ne wuri guda da abu ba ya faruwa sai ƙaramin hannu ya taɓa. Uwa tana karatu, ta tsaya, kowa ya yi shiru, sai auta ya ɗaga. Shi ya fara gani. A gidan da kullum yake zuwa na ƙarshe, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Da gaske ne akwai halin da aka san auta da shi, kamar shagwaɓa da son a yi masa komai?

Wannan magana ta shiga littattafan ilimin halayyar ɗan Adam ta hannun Alfred Adler, likitan ƙasar Ostiriya, wanda ya ce matsayin yaro a jerin haihuwa yana gina halinsa. Mutane sun karɓe ta hannu bibbiyu saboda kowa yana da misali a gidansu. Amma da aka auna ta da mutane masu yawa ba ta tsaya da ƙafafunta ba. A 2015 Julia Rohrer da abokan aikinta sun duba bayanan mutum sama da 20,000 daga Jamus da Birtaniya da Amurka, ba su ga wani bambanci mai ɗorewa a manyan halaye tsakanin ɗan fari da na ƙarshe ba. A shekarar dai, Rodica Damian da Brent Roberts sun duba ɗaliban sakandare kusan 377,000 a Amurka, bambancin da suka samu bai taka kara ya karya ba.

Saboda haka littafin da ya zana auta a matsayin sangartacce, mai kuka don a ba shi, yana maimaita zato ne kawai. Abin da yake tabbas shi ne halin da yaron yake ciki: shi ne mafi gajarta, mafi ƙarancin ƙarfi, mafi ƙarancin kalmomi. Littafi mai kyau wannan yake kallo.

Zama a ƙasa yana da ribarsa ma. Wani bincike da Yuriko Oshima-Takane ta jagoranta a Kanada a 1996 ya nuna yaran da aka haifa na biyu sun riga 'yan fari iya amfani da kalmomi irin su "ni" da "kai", don suna sauraron hirar uwa da yaya. Ted Ruffman da abokansa kuma, a 1998, sun gano yaran da ke da yayye sukan fi saurin gane cewa wani mutum zai iya yarda da abin da ba haka yake ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Daga wane shekaru ya dace a fara?

Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara tun 2014 cewa a fara karanta wa yaro tun yana jariri. Amma irin littafin ya danganta da hannun. Wajen wata tara zuwa shekara ɗaya yaro yake fara kama ƙaramin abu da babban yatsa da manuni, kuma a wannan tsakanin ne yake jin daɗin wasan ɓuya, don ya fara gane abin da aka rufe bai ɓace ba. Littafin kwali mai kauri da manyan murafe, ko murafen ƙyalle, shi ne nasa. Harshen da ake ja da faifan da ake juyawa sai wajen shekara biyu zuwa uku. Hoto mai miƙewa tsaye a bar shi sai an kai huɗu, in ba haka ba kwana ɗaya zai yi.

Shi kuwa labarin zama auta, yaro yakan fara jin sa a jikinsa ne daga wajen shekara biyu da rabi zuwa biyar, lokacin da "ni ma zan yi" ta zama waƙarsa ta kullum.

Ba a ce ɗage-ɗagen nan yana raba hankalin yaro ba?

An ce, kuma akwai gaskiya a ciki. A 2010 Judy DeLoache da abokan aikinta a Jami'ar Virginia sun gwada yara 'yan wata 20, da 'yan wata 30 da 36. Waɗanda aka karanta wa littafi mai abubuwan motsi sun riƙe ƙasa da abin da waɗanda aka karanta wa littafi mai hoto zalla suka riƙe. Wani gwajin da ya biyo baya a kan koyon haruffa ya nuna haka. Dalilin a fili yake: hankalin yaro ɗan mudu ne, idan hannu ya cika shi da ja da ɗagawa, kunne ba ya samun wuri.

To amma a lura da abin da aka auna. Sunan dabba ne ko harafi, kuma motsin bai da alaƙa da abin da ake son yaron ya riƙe. Ni abin da na ɗauka daga ciki shi ne, ga koyon haruffa da sababbin kalmomi littafi mara kwalliya ya fi. Ga labari kuwa, tambayar da zan yi wa kowane murfi ita ce: idan aka cire shi, labarin zai rasa wani abu? Idan amsar a'a ce, ado ne kawai.

Misali. An zana yayye biyu suna birkita ɗaki, suna neman kyanwar gida. Sun duba saman kabad, sun duba bayan labule. Murfin yana can ƙasan shafi, a ƙarƙashin gado, daidai inda idon mai gajeren tsayi yake kaiwa. Yaro ya ɗaga, ya ga kyanwa, yayyen da ke cikin hoton ba su gani ba. Yanzu shi ya san abin da manya ba su sani ba, kuma ya san ba su sani ba. Wannan shi ne ainihin abin da su Ruffman suka auna, ga shi an mayar da shi wasa. A irin wannan shafi murfin shi ne labarin. Ku kwatanta da shafin da aka danna maɗanni agwagwa ta yi kuka, alhali ba ruwan agwagwa da zancen.

Murfi ɗaya ko biyu a shafi sun isa. Littafin da ke alfahari da murafe hamsin, an yi shi ne don ya burge mai saye.

Ta yaya zan gane labarin yana da kyau kafin in saya?

Ku fara karantawa daga shafin ƙarshe, don a nan marubuta suka fi tuntuɓe.

Akwai masu ƙarewa da cewa wata rana kai ma za ka girma. Wannan ita ce maganar da yaron ya gaji da ji, an dai sa mata launi ne. Ɗan shekara uku bai san "wata rana" ba, yau yake so a ba shi amsa. Akwai masu ƙarewa da haihuwar sabon jariri, wato maganin zama ƙarami shi ne a samo wanda ka fi. Idan yaronku shi ne autan gaske, an yi masa alƙawarin da ba za a cika ba. Akwai kuma masu mayar da auta gwarzo, ya ceci gida daga gobara, kowa ya ɗaga shi sama. Yana da daɗi sau ɗaya, amma saƙon da ke ƙasa shi ne sai ka yi abin mamaki za a gan ka.

Waɗanda na fi so su ne masu ƙaramar nasara wadda za ta iya faruwa gobe da safe. Hannunsa ne kaɗai ya shiga bayan kujera ya ciro makullin da ya faɗa. Shi ya lura da tururuwa suna jan abu don shi ya fi kusa da ƙasa. Ko ma ba nasara: ya yi fushi an tafi an bar shi, ya zauna ya yi kuka, wani ya zo ya zauna kusa da shi bai ce masa "daina" ba. Littafin da ya yarda cewa abin yana da ciwo ya fi wanda ya yi saurin share hawaye.

Sai a duba yadda aka zana yayye. Kada su zama azzalumai, kada kuma su zama waliyyai. Yaya na gaske yakan kore ka daga ɗakinsa da rana, da dare kuma shi zai ba ka rabin bargonsa. Wani abin da ba a cika kula da shi ba shi ne inda mai zane ya tsaya. Wasu masu zane sukan sauko ƙasa, su nuna duniya daga tsayin gwiwa: ƙafafun teburi, gefen riguna, hannun ƙofa can sama. Yaro ba zai iya faɗin abin da ya gani ba, amma zai gane ɗakinsu ne.

Labarin dabbobi ya fi, ko na mutane?

Dukansu suna da wuri. Wani gwaji a Jami'ar Toronto, wanda Patricia Ganea take cikin masu yin sa, ya nuna yara 'yan huɗu zuwa shida sun fi raba abin hannunsu da wasu bayan sun ji labari mai mutane, fiye da bayan sun ji labarin guda da aka sa dabbobi masu sutura. Idan kuna so yaro ya ce "wannan ni ne", mutane sun fi. Amma idan abin yana masa zafi sosai, ɗan zomo na ƙarshe a rami yakan ba shi damar yin maganar ba tare da ya ji an nuna shi da yatsa ba.

Yaya ya kamata a karanta shi?

Da tsayawa. Grover Whitehurst da abokansa sun nuna tun 1988 cewa idan babba ya riƙa tambaya, ya saurari amsa, ya ɗan ƙara a kanta, ya bar yaro ya maimaita, harshen yaron yakan fi buɗewa fiye da a yi ta karanta masa yana shiru. Murfi kuwa wurin tsayawa ne da aka riga aka tanada. Ku ɗora yatsa a kansa tukuna, ku tambaya: me kake jin yana ciki? Sai ya faɗa sannan ya ɗaga. Da haka magana take riga hannu.

Na taɓa zama da autarmu, tana da shekara uku, muna kan shafin da yayye suka hau kekuna suka bar ƙaramin a bakin ƙofa. Bayan ƙofar akwai murfi. Na ce, "Me yake yi a ciki?" Ta ƙi ɗagawa, ta danne murfin da tafin hannu ta ce, "Yana jira." Na ce, "Wa yake jira?" Ta ce, "Yaya. Ya ce yanzu zai dawo." Ta yi ɗan shiru, sannan ta ƙara, "Bai dawo yanzu ba." A cikin littafin yaron gini yake da akwatuna, yana dariya. Ba mu kai can ba ranar. Ita labarin la'asar ɗin jiya take ba ni, wanda ban ma san ya faru ba.

Kada a mayar da abin jarrabawa, kuma kada a rufe littafi da wa'azi. Idan yaro ya kauce daga labarin ya shiga nasa, ku bi shi.

In sa yayyensa su karanta masa?

Sosai ma, da sharaɗi guda: yaya ke karatu, auta ke ɗagawa. A faɗi dokar a gaban su biyun tun kafin a buɗe. In ba haka ba, yaya ɗan shekara bakwai zai ɗage murafen duka cikin minti ɗaya, ya kuma faɗi abin da ke ciki kafin a tambaya. Ba mugunta ba ce, ya san amsa ne, bakinsa na ƙaiƙayi.

Yayan ma yana ƙaruwa. Mai koyon karatu yana samun wanda ba zai yi masa gyara ba, kuma wataƙila karo na farko ke nan da zai ga yadda "tashi ka ba mu wuri" take sauka a ɗaya ɓangaren.

Littafi ɗaya yake so kullum, har na haddace. In ɓoye shi?

A'a. A 2011 Jessica Horst ta Jami'ar Sussex ta nuna 'yan shekara uku da aka maimaita wa labari guda sun fi riƙe sababbin kalmomi a kan waɗanda aka yi ta canja wa labari. Ga auta kuma akwai ƙari: littafin da ya haddace shi ne fagen da ya zama gwani. Ku yi kuskure da gangan wata rana ku ga yadda zai gyara muku da murna.

Na cikin waya ko kwamfutar hannu fa?

A 2015 masu bincike a Jami'ar Leiden ta ƙasar Holand, ciki har da Adriana Bus, sun tattara sakamakon bincike 43 a kan labaran yara na na'ura. Hoto mai motsi da sautin da suka dace da labari suna taimaka wa fahimta. Wuraren dannawa da wasannin da aka cusa a tsakiyar labari kuwa suna ɗauke hankali. Darasi ɗaya ne da na takarda. Ban da haka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allo, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Idan za a yi amfani da na waya, a zaɓi wanda ake iya kashe wasannin da muryar mai karatu, babba ya zauna ya karanta da bakinsa.

Akwai haɗari a cikin irin waɗannan littattafai?

Akwai, kuma auta ya fi kowa shiga cikinsa, domin kayan yayyensa suna zube a inda yake rarrafe. Littafin da aka yi don ɗan shekara shida zai iya zuwa bakin ɗan wata goma.

Mafi muni shi ne ƙaramin batir mai kama da maɓallin riga da ke cikin littattafai masu sauti. Idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙogwaro, yana iya ƙona naman wurin cikin awa biyu. A tabbatar murfin batirin da ƙusa mai murɗawa aka ɗaure shi, kuma idan ana zargin an haɗiye, asibiti kai tsaye, ba a jira a ga alama. Haka nan ƙananan maganaɗisu, musamman idan an haɗiye fiye da ɗaya. Ma'aunin da hukumomin kula da kayan wasa ke amfani da shi a Turai da Amurka bututu ne mai faɗin milimita 31.7: duk abin da ya shige ciki gaba ɗaya bai dace da yaron da bai kai shekara uku ba. Idanun roba da aka manna, da duwatsun ado, da murfin da ya fara ɓallewa, duk a gwada su da yatsa a ja. Igiya ko siririn ƙyalle mai tsawo ma a yanke.

Ya yage murafen. In daina saya masa?

Yagewa alama ce an yi amfani da littafi. A manna da salatif mai faɗi ta bayan lanƙwasar, gara ma a yi hakan tun littafin yana sabo. Idan murfin ya ɓace, a yanka kwali a maye gurbinsa, yaron ya yi masa launi. Abin da zan roƙa shi ne ko guda ɗaya a saya masa sabo fil, a rubuta sunansa a ciki. Littafin da aka gāda daga yaya yakan zo da rabin murafensa a cire, an riga an tona duk asirin.

An kusa yi masa ƙani. Littafin auta zai ci gaba da amfani?

Zai yi, ta wata fuskar. Yaron da ke shirin sauka daga matsayin auta yana rasa wani abu, kuma kishin sauko yakan biyo baya. Kada a ɗauke tsohon littafin a maye shi da na "ka zama yaya" dare ɗaya. A bar su biyun a wuri guda ya zaɓa. Wata rana zai ɗauko tsohon don yana kewar matsayinsa, wata rana kuma zai kai wa jaririn yana nuna masa inda ake ɗagawa.

Zan iya haɗa masa da kaina?

Za ku iya, kuma da wuya na kanti ya kai shi. A samo kwali mai kauri a yanka shafi shida zuwa takwas, a huda gefe a ɗaure da zare gajere. A durƙusa daidai tsayin yaron a ɗauki hotunan gidan daga nan, ko a zana: ƙarƙashin teburi, layin takalma daga babba zuwa ƙarami, madubin da goshinsa kawai yake fitowa a ciki. Kowane shafi jimla ɗaya, a bakinsa: "Yaya yana kaiwa saman kabad. Ni kuma ina ganin..." sai murfi. Abin da za a sa a ƙarƙashi, a tambaye shi. Zai faɗi abubuwan da ba wanda ya san suna gidan: kwabon da ya gangara bayan firji, gizo-gizon da ke zaune a kusurwar matakala, safar Baba da aka yi wata guda ana nema.